Shahnama: littafin da aka sayar falle-falle

A shekarar 1959 wani attajirin Amurka, Arthur Houghton, ya sayi wani littafi daga hannun iyalan Rothschild. Cikakke ya karɓe shi, da bangonsa da zane-zanensa 258. Kafin ya rasu a 1990 ya riga ya warware ɗinkin, ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York zane 78, wasu kuma ya kai su gwanjo falle-falle.

Littafin kwafi ne na Shahnama, waƙar sarakunan Farisa (Iran ta yau) mai baiti kusan dubu 50 da mawaƙi Firdausi ya kammala a 1010. An yi kwafin a birnin Tabriz zamanin sarkin Farisa Shah Tahmasp, aka kai wa Sultan Salim na Biyu na Daular Usmaniyya kyauta a 1568. Shekara kusan 400 yana canza hannu ba wanda ya sa masa wuƙa, sai da ya shiga hannun wanda ake kira masoyin littattafai.

Masu kare Houghton suna cewa ai yanzu jama'a sun fi ganin zanen, maimakon ya zauna a akwatin mutum ɗaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ban yarda ba. Ba domin a rataya a bango aka yi zanen nan ba. Mai zane ya san baitin da ke sama da wanda ke ƙasa, ya san mai karatu zai buɗe shafi ne a daidai lokacin da Rustam, babban jarumin waƙar, ya ɗaga takobi. Shuɗin da aka niƙa daga dutsen lazawardi, da ruwan zinare, da fuskoki ƙanana kamar ƙwayar gero, duk an tsara su ne don idon wanda ya sunkuya kan littafi. Idan ka raba zane da waƙarsa, ka bar mutum yana kallon doki da jarumi bai san abin da ya haɗa su faɗa ba.

Dubi Fadar Gayumars, ɗaya daga cikin zane-zanen littafin, wadda ake jingina wa mai zane Sultan Muhammad kuma ake ganin ita ce mafi kyau a cikinsu. Tana Toronto yau, a gidan tarihi na Aga Khan, 'yan uwanta kuwa sun watsu ƙasa-ƙasa. Kuma kasuwa na saka wa mai yaga: a 2011 an sayar da falle guda a Landan kan fam miliyan 7.4. Wane dillali ne zai ga haka ya bar littafi a ɗinke?

Abin da ya saura, zane 118 da rubutun da bangon, ya koma Iran a 1994. Shi ma ba kyauta ba: musaya aka yi a filin jirgin saman Biyana, babban birnin Austriya, Iran ta ba da wani zanen Willem de Kooning, mai zanen zamani na Amurka, kafin ta karɓi ragowar littafin sarakunanta.