Raba hagu da dama ma ƙirƙira ce yanzu?

Wai ashe har akwai masu kare wannan abin na raba tsohon magani biyu a sake karɓar takardar mallaka a kansa. Jiya wani ya biyo ni inbos yana min lacca cewa escitalopram, maganin ciwon damuwa, "sabon magani" ne, don haka kamfanin Lundbeck ya cancanci sabuwar takardar mallaka. Sabo a ina Malam? Tsohon maganinsu citalopram ne fa aka raba gida biyu, aka ɗauki ɓari ɗaya aka raɗa masa suna Lexapro. Kamar mutum ya sayar maka da takalmi ƙafa biyu shekara da shekaru, wa'adin mallakarsa na dab da cika sai ya jefar da na hagu ya ce ga sabon kaya ya ƙirƙiro.

Duk wanda ya zauna ajin kemistiri ya san irin waɗannan sinadarai tagwaye ne, kamar hannun dama da na hagu, kuma sau da yawa ɗaya ne ke yin aikin a jiki ɗayan ɗan rakiya ne. Tun 1848 Louis Pasteur ya raba irinsu da ɗan hantsaki a Faransa. 1848 fa jama'a! To mene ne ɓoyayye a nan?

Sai su ce ai rabawar da wuya, an yi ta ɗura shi a bututun HPLC, injin raba sinadarai, ya ƙi rabuwa. Na ji. Tsince tsakuwa a buhun shinkafa ma da wuya, amma mai tsintar ba ta zama mai shinkafa ba. In hanyar rabawa ka gano, a ba ka mallakar hanyar, shi ke nan. Abin da alƙali Kitchin ya yanke kenan a Ingila a 2007, sai kotunan sama suka juya hukuncin, a 2009 aka tabbatar wa kamfanin da maganin ɗungurungum. Amurka ma haka kotun ɗaukaka ƙara ta yi a 2007, alhali a shekarar dai ita wannan kotun ta soke mallakar ramipril, maganin hawan jini da shi ma ware shi aka yi daga 'yan'uwansa, ta ce abu ne a fili. Ikon Allah.

Kar wanda ya kawo min zancen Plavix, maganin hana jini daskarewa, na sani ɗayan tagwayen ba ya aiki kuma yana da illa, raba su ya amfani marasa lafiya, ban musa ba. Amma tsakani da Allah abin da ke ci min rai shi ne mai ciwon da ya ƙara shekaru yana sayen magani da tsada, masu yin na araha aka ɗaure musu hannu, duk a kan rabin abin da tuntuni yana cikin ƙwayar. Haka aka yi da omeprazole ɗin da masu olsa ke sha, ya koma Nexium a 2000.

Ni fa har na gama jami'a sau ɗaya na ga injin HPLC ɗin nan da ido, an lulluɓe shi da leda, mai ɗakin gwajin ya ce kar mu kuskura mu taɓa, ana jiran injiniya. Muka zana shi a littafi muka fita.