Daga Resolute zuwa Grise Fiord: tafiyar awa ɗaya da rabi da ke cinye mako

Tsakanin Resolute da Grise Fiord, can ƙuryar arewacin Kanada a yankin Nunavut, tazarar ba ta kai kilomita 400 ba. Ko Kano zuwa Abuja ta mota ta fi ta nisa. In ƙaramin jirgin nan samfurin Twin Otter ya tashi, kimanin awa ɗaya da rabi ya sauke ka. Wannan lissafin takarda ke nan. Wanda ya taɓa zaman jira a Resolute da jakarsa a gindin kujera ya san ana iya shafe mako guda ba a yi wannan 'yar tafiyar ba.

Babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa garuruwa 25 na Nunavut. Jirgin ruwan kaya sai lokacin da ƙanƙarar teku ta narke, sau ɗaya a shekara. Jirgin sama kuwa ba kullum yake zuwa Grise Fiord ba, kuma filin saukar tsakuwa ne mai tsawon mita 500 da 'yan kai, ga duwatsu sun tsare shi. Hazo kaɗan ko iska ta juya, shi ke nan, an soke. Ba na ganin laifin matuƙin da ya ƙi jefa rayuka cikin haɗari. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo baya: a ce maka "sai jirgi na gaba", alhali na gaban ma ya riga ya cika. Ka ga uwa da jariri a goye tana tambayar wa zai biya kuɗin masaukin daren yau. A ɗora jakunkuna a sikeli, a ce nauyi ya yi yawa, a ajiye kwalayen madara da ƙwai a baya, mutanen gari kuma suna can sun zuba ido.

To, marar lafiya fa? Asibiti ɗaya tak ke cikin Nunavut kaf, a Iqaluit, babban birnin yankin, fiye da kilomita 1,500 daga Resolute. Mai juna biyu sai ta bar mijinta da 'ya'yanta makonni kafin haihuwa. In ciwon ya fi ƙarfin Iqaluit, sai Ottawa, ƙarin awa uku a sama.

Kada kowa ya ce mini ai su suka zaɓi zama a can. Ƙarya ne! A 1953 da 1955 gwamnatin Kanada ta kwaso iyalan Inuit, 'yan asalin ƙasashen ƙanƙara na arewa, daga garin Inukjuak a arewacin lardin Quebec, tafiyar kusan kilomita 2,000, ta haɗa da wasu daga garin Pond Inlet, ta jibge su a Resolute da tsibirin Ellesmere (can ne Grise Fiord take), inda rana ke ɓacewa daga ƙarshen Oktoba har cikin Fabrairu. An yi musu alkawarin komawa gida bayan shekara biyu, aka saɓa. Sai a 2010 aka nemi afuwarsu.

Afuwa ba ta sauke jirgi. Mutum 140 da ɗoriya ne a Grise Fiord yau, kuma wanda ya kai kakanninsu can shi ke da alhakin hanyar fitarsu. A ƙara yawan tashin jirgi, a tanadi wani da zai kwashe mutane da zarar gari ya washe, kuma wanda aka soke wa tafiya a ɗauke masa kuɗin kwana da abinci.