Masu gina shafuka, ku nuna mana inda kalmar take

Jiya da hantsi wani dattijo ya shigo shagona a Jekadafari, nan Gombe, yana son in duba masa ko sunan ɗansa ya fito a jerin waɗanda aka ba tallafin karatu. Na rubuta sunan a akwatin binciken shafin. Shafin ya zubo mana dogon jeri, bai nuna layin da sunan yake ba. Haka muka bi da yatsa a kan allo, Baba na cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Can ya ce, "Ɗana, ko dai babu ne?" Wallahi raina ya ɓaci, don sunan yana nan.

Abin da ya fi ci min rai, gyaran ba wuya. HTML5, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, na da wata alama mai suna mark, wadda ke shafa wa kalma ruwan ɗorawa ba tare da ka zaɓi launi ba. Duk mai danna Ctrl da F a Chrome ya saba da haka: kalmomin da aka samu su yi rawaya, wadda kake kanta ta yi ruwan lemo.

Amma mu Hausawa muna da tamu matsalar daban. Sunan yaron da Ɗ aka rubuta shi, ni kuwa da farko D na buga, kamar yadda yawancinmu ke yi a waya, shafin ya ce babu. Dabarar da ake amfani da ita wa Faransanci, wato cire alamar da ke kan harafi kafin bincike, ba ta yi mana aiki, domin é a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, tana rabuwa ta zama e da alamarta, ƙ da ɗ da ɓ kuwa haruffa ne masu zaman kansu. Dole mai gina shafi ya haɗa su da hannunsa, ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. Na san kasa da ƙasa ba ɗaya ba ne, amma gara a haska duka biyun, mai karatu ya zaɓa.

Sai a kula da 'y da ƴ. In ka cire waƙafin sama kafin bincike, tsawon rubutun ya ragu, launin sai ya zame ya sauka kan harafin gefe.

Da muka ga sunan, Baba ya sa na buga masa takardar, ya karɓi birona ya ja layi a ƙarƙashinsa sau biyu.