Silikon ba ya tsayar da yoyon ƙofar saman jirgi

Abin da ke ba ni haushi da masu jirgin ruwa mai tafiya da iska: ƙofar sama ta fara ɗiga a kan katifa, sai mutum ya ɗauko silikon na banɗaki ya lafta a gefen firam. Wata biyu, rana ta ɗaga shi, yoyo ya dawo, ga maiƙonsa ya hana kowane gam kamawa a wurin.

Haba! A fara gano ta ina ruwan ke shiga mana. Mutum ɗaya a ciki, ɗaya a waje da tiyo, a jiƙa daga ƙasa zuwa sama a hankali. In robar murfi ake zargi, a shafa mata alli a rufe. Inda allin bai fito a firam ba, nan ta saki. Sai sabuwa.

In ta ƙarƙashin firam ne, babu gajeriyar hanya. A kwance sukurori, a ɗaga firam, a kankare tsohon gam tas, a goge da asiton, wato sinadarin goge maiƙo, amma kada ya taɓa gilashin roba na murfin, tsattsage shi yake yi. A ɗan buɗe bakin ramukan sukurorin, a shimfiɗa tef ɗin butyl, wato gam mai laushi da ba ya ƙandarewa, a mayar da firam, a ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu ko uku, don tef ɗin yana ci gaba da matsewa. In balsa, wato katako marar nauyi da ke cikin daɓen saman jirgin, ya jiƙe, a ƙwaƙule, a bar shi ya bushe, a cika da epoxy, wato gam mai daskarewa ya yi tauri, a sake hudawa.

Masu sa 3M 5200, wato gam mai kamun dindindin, kuwa, Allah ya ba wanda zai cire firam ɗin nan gaba haƙuri.