Baƙin hayaƙin dizal: man tsirrai kaɗai ba zai wanke mana huhu ba

Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela mai lodi tana hawan tudu, direba ya taka totur, ya san abin da ke fitowa daga salansa. Baƙin hayaƙi ne mai yaji a ido, mai shaƙe maƙogwaro. Tun a shekarar 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta huhu. Amma injin dizal ba zai ɓace gobe ko jibi ba. Shi ke jan tirela da tarakta da jirgin ruwa, shi ke kunna manyan janaretoci. Saboda haka magana ta koma kan yadda za a rage masa dafi, kuma hanyoyi biyu ake ta ambata: a canza masa mai zuwa na tsirrai, ko a tace hayaƙin kafin ya fita. Ana yawan kawo su kamar ɗaya zai iya maye gurbin ɗaya, kuma a ganina a nan kuskuren yake.

Injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi sosai, sai a fesa mai ya kama da kansa. Daga nan guba iri biyu ke fitowa. Inda mai bai ƙone sarai ba, sai kunkunniya ta samu, ƙananan ƙwayoyi da ke kutsawa can cikin huhu har su shiga jini. Inda wuta ta yi tsanani kuma, sai naitirojin da oksijin na iska su haɗu su zama iskar da ake kira NOx, mai tayar da asma. Abin da ya daɗe yana wahalar da injiniyoyi shi ne, in ka rage zafi don kashe ta biyu, ta farko ta ƙaru, in ka ƙara zafi don ƙone kunkunniya, ɗayar ta tashi.

Tunanin zuba wa injin man tsirrai tsoho ne. A baje kolin birnin Paris na 1900 an kunna injin dizal da man gyaɗa, ya kuma yi aiki. Na yau ana sarrafa shi da sinadarin metanol, a ware gilisarin, ya tsinke ya zama kamar dizal. Yana da kirki, ban musanta ba. Kusan babu farar wuta a cikinsa, wato sinadarin salfa, kuma yana ɗauke da oksijin a jikinsa, don haka ya fi ƙonewa, kunkunniya ta ragu. Sai dai bai taɓa NOx ba, a wasu injinan ma ƙara ta yake yi kaɗan. Ga shi kuma gauraya shi ake yi. A Turai yawanci bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba a man da ake sayarwa a gidajen mai, a Amurka akan kai kashi 20. Tsohuwar tirelar da aka zuba wa irin wannan gauraye za ta ci gaba da turnuƙe titi, sai dai a ce ta ɗan yi sauƙi.

Babban abin da ake tallata man tsirrai da shi shi ne ɗumamar yanayi: tsiro ya zuƙi iskar kabon yana girma, injin ya mayar da ita, lissafi ya tashi babu ci babu bashi. A takarda ke nan. Indonesiya ta kai gaurayenta kashi 30 a 2020, kashi 35 a 2023, kuma da manja ake yin ta. Idan an sare kurmi an ƙone ƙasa mai dausayi don a dasa kwakwar manja, kabon da ya tashi sama zai ɗauki shekaru masu yawa kafin man ya biya shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ya sa Tarayyar Turai ta yanke cewa nan da 2030 za ta daina lissafa manja cikin makamashin da ake sabuntawa. Su ma masu zuba jari da suka yi rububin noman bini-da-zugu wajen 2007, da sunan yana fitowa a ƙasar da ba ta noma, sun gano cewa fitowa daban, ba da 'ya'ya masu yawa daban. Man da na yarda da shi shi ne wanda ake yi da tsohon man suya da kitsen mayanka, irin wanda kamfanin Neste na ƙasar Finlan ke tacewa da haidirojin. Matsalarsa ɗaya, ba shi da yawan da zai ishi duniya.

Aikin ceton huhu a salansa ake yin sa. Akwai matacin kunkunniya, wani tubali mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda ke kama sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin, in ya cika kuma injin ya ɗaga zafi zuwa wajen digiri 600 ya ƙone su. Peugeot ta fara sa shi a motocinta a 2000. Sannan akwai ruwan da aka fi sani da AdBlue, yuriya kashi 32.5 cikin ɗari a tsabtataccen ruwa, dangin takin da manoma suka sani. Ana fesa shi cikin hayaƙi, ya zama amoniya, ya mayar da NOx naitirojin da tururi. Wannan ruwan yana cikin abubuwan da suka taimaka wa Turai ta sauko da iyakar NOx ta ƙananan motocin dizal daga miligiram 500 a kilomita a 2000 zuwa 80 a ƙa'idar Euro 6.

Amma na'urorin nan suna da sharaɗi. Farar wuta tana kashe su. Amurka ta sauke ta a cikin dizal zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006, Turai zuwa 10 a 2009, kafin na'urorin su yaɗu. Ƙasar da ke sayar da dizal mai farar wuta ɗaruruwa ko dubbai cikin miliyan, ko ta shigo da sabuwar mota fil, ba da jimawa ba mataci zai toshe, fitila ta kama a gaban direba, makanike ya ce a cire kawai a huta. Tufka da warwara. Gwamnatin da ke shelar gauraya man tsirrai alhali ba ta tsabtace dizal ɗin da za a gauraya da shi ba, ta fara gini ne daga rufi.

Sai kuma batun gaskiya. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa manhajar da ke gane lokacin gwaji, ta kunna tacewa, a kan titi kuma ta sassauta. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa, wasu suna fitar da NOx har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin da ke da injiniyoyi da kuɗi ke nan, balle mai tirela ɗaya da ke ganin kuɗin ruwan yuriya asara ne. Bayan wannan ne Turai ta fara gwada sababbin motoci a kan titi tun 2017, da ma'auni ɗaure a bayansu. Beljiyam a 2022, Holand da Jamus a 2023, suka ƙara wani mataki: a wajen duba lafiyar mota ana zura na'ura cikin salansa ta ƙirga ƙwayoyin kunkunniya. Motar da aka cire wa mataci ba ta wucewa, ko da man tsirrai zalla ne a tankinta.