Ranar Da Na Tambayi Lafiyar Ƙafar Mamaci

Kafin in bar Zariya a watan Satumbar 2019, babu wanda ya isa ya ce ban iya Turanci ba. Na ci maki 7.5 cikin 9 a jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS, har leda na sa aka manna wa takardar. Sai da na sauka a Nottingham, can tsakiyar Ingila, na gane ashe Turancin aji na zo da shi. Na bakin titi kuwa ko ƙamshinsa ban taɓa ji ba.

Direban bas ne ya fara yi min sallama da shi. Ina sa ƙafa ya ce, "Ay up, me duck." Duck dai agwagwa ce, ko ɗan firamare ya sani. Na sunkuya na dubi ƙafafuna, ko sanyi ne ya sauya min tafiya. Na zauna ina ta cika ina batsewa, ni da digirina. Sai da ya maimaita wa wani ƙato mai gemu, ƙaton ya washe baki, sannan na fahimci a garin nan agwagwa kamar "ɗan'uwa" take a wajenmu.

Wannan duk somin taɓi ne. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, ni dai Iya nake ce mata a raina. Ranar wata Laraba ta ce in zo "tea" ƙarfe shida na yamma. Na ce shayi ai ba ya riƙe cikin Bahaushe. Biyar da rabi na tuƙa tuwon semo, na kaɗa miyar kukar da Hajiyarmu ta ƙulle min a jaka, na ci na yi nak, sannan na tafi ina gyatsa.

Ina shiga na hango tebur. Gasasshiyar kaza guda sukutum, dankali tuli, ga wake, ga romo. Ashe a wannan yankin "tea" shi ne abincin dare, "dinner" kuma na rana. Iya ta ce takanas ta hau taragon cikin gari zuwa unguwar Hyson Green don ta samo min kaza yankan Musulmi. To, da wane bakin zan ce na ƙoshi? Na yi bismilla, na faki idonta na sassauta bel.

Ina cikin wannan jihadi na ga hoton wani dattijo a bango, na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce mijinta ne, "he kicked the bucket" shekara huɗu da suka wuce. Ni kuwa sai na ji ya shuri bokiti. Na ajiye cokali cikin ladabi na ce, "Ayya, sannu. Da fatan ƙafar ta warke?"

Ta tsaya tana kallona. Ni kuma don in nuna kulawa na ƙara da cewa a garinmu ana ɗaure irin wannan targaɗen da man zafi, kwana uku an miƙe. Iya ta kife kai a kan tebur. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce har da hawaye. Da ƙyar ta iya ce min mutumin ya rasu. Na rasa inda zan sa kaina. Ko da yake, tsakani da Allah, mu ma da Bature zai ji mun ce wane "ya ce ga garinku nan", ai tashar mota zai tafi neman sa.

Kafin in gama ba da haƙuri ta kawo wani kek mai zafi an malale shi da kwastad. Wannan ma na cinye, don kunya.

Bayan wata biyu wani abokin karatuna ɗan Landan ya gayyace ni "tea". Na ce yau kam ba za a yi biyu ba. Tun karin safe ban sa komai a bakina ba. Na isa cikina na kiran ciroma, ya dire min kofin shayi da biskit guda biyu.