Agogon da ke kai ƙararka wajen koci

Jiya a majalisa wani abokina ya ce duk ɗan wasan da ke ɗari-ɗari da agogon zamani, irin mai ƙirga bugun zuciya da awannin barci, ƙauyanci ne kawai ke damunsa. Na yi shiru don kada shayi ya huce ana musu, amma maganar ta kwana a raina.

Ni ma ina ɗaura shi in na fita gudun asuba, kuma ban raina amfaninsa ba. A watan Yunin 2020 wani ɗan wasan golf na Amurka, Nick Watney, ya tashi lafiya lau, sai abin hannunsa na kamfanin Whoop ya nuna masa numfashinsa cikin barci ya haura yadda ya saba. Ya je gwaji, ashe korona ce. Da babu abin nan, da ya ci gaba da cuɗanya da mutane bai sani ba. Wannan kam ba abin musu ba ne.

To amma nawa agogon ni kaɗai yake faɗa wa sirrina. Na ɗan wasa fa? Abin yana hannunsa dare da rana, a filin atisaye da kan gadonsa. Ya san ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, ya san ranar da zuciyarsa ta kasa saukowa bayan gudu. In bayanan nan suna tafiya kwamfutar kulob, to ɗan rahoto ya ɗaura a wuyan hannu, wanda ba ya mantuwa kuma ba ya jin uzuri. Jariri ya hana shi barci mako guda, koci ba zai ji kukan jaririn ba, lamba kawai zai gani ta yi ja. Mutumin da shekarunsa suka haura 30, kwantiraginsa saura wata shida, kuna ganin zai so shugabannin kulob su riga shi sanin cewa jikinsa ya fara ja da baya? Da jikin nan yake ci da iyali, kuma kasuwarsa gajeriya ce.

'Yan ƙwallon kwandon gasar NBA ta Amurka, waɗanda ba wanda zai kira su 'yan ƙauye, sun hango wannan tun da wuri. A yarjejeniyar da suka yi da hukumar gasar a 2017 sai da aka rubuta cewa ɗaura irin waɗannan na'urori ganin damar ɗan wasa ne, kuma kulob ɗin da ya shigo da bayanan cikin cinikin kwantiragi zai iya shan tara har dala 250,000. Ba na'urar suka ƙi ba, sun tambayi wa zai riƙe abin da ta tara.

Ban ma shiga zancen na jabu ba. Na taɓa sayen wani mai araha, na ɗaura wa karan rake don gwaji, ya ce min zuciyar raken na bugawa daidai. Allah ya sawwaƙe a yanke wa yaro hukunci da irin wannan.

Da safen nan na tura wa abokin nawa saƙo, shi ma'aikacin gwamnati ne: “Malam, ka yarda in saya maka agogon kyauta, amma ogan ofishinku ya riƙa ganin ƙarfe nawa kake kwanciya?” Alamar shuɗi biyu ta fito tun ƙarfe bakwai. Har yanzu ina jiran amsa.